Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Banki Ke Tantance Mai Kati da Nazarin Kashe Kuɗinsa

Masu katin banki a Kumasi, musamman 'yan kasuwar Kejetia da Adum da Alabar da mazauna Aboabo da Asawase da Sabon Zango, suna yawan kawo tambayoyi kan abubuwa biyu: hanyoyin da banki ke bi ya tabbatar cewa wanda ke riƙe da kati shi ne mai asusun, da kuma nazarin da ake yi wa sayayyar da aka biya da katin. Abubuwan nan biyu a haɗe suke, domin a yau yadda mutum ya saba kashe kuɗinsa ya shiga cikin shaidun da ake gane shi da su, tare da zanen yatsansa da lambar sirrinsa. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi katunan Visa da Mastercard da gh-link da bankunan Ghana ke bayarwa, ko da yake kowane banki yana da ƙananan ƙa'idojinsa da ya kamata a nema a reshensa.

Na daɗe ina ajiya a banki ɗaya, ma'aikatan duk sun san ni. Me ya sa aka ce sai na kawo Ghana Card?

Sanin da ma'aikaci ya yi wa mutum ba ya shiga kwamfuta, kuma doka ba ta karɓarsa a matsayin shaida. Babban Bankin Ghana ya ba da umarni cewa daga ranar 1 ga Yuli, 2022, Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa, shi ne kaɗai katin shaidar da za a karɓa wajen hulɗar kuɗi a cibiyoyin da yake ba lasisi, wato manyan bankuna da bankunan karkara da kamfanonin ajiya da rance da masu hada-hadar kuɗi ta waya. Kafin wannan lokaci mutum na iya buɗe asusu a nan da katin zaɓe, can da lasisin tuƙi, wani wurin kuma da fasfo, ba tare da wata hanya mai sauƙi da za a gane cewa mutum ɗaya ne, ko a gane cewa ɗaya daga cikin takardun na jabu ne ba. Ghana Card ya sha bamban da su saboda hukumar NIA mai bayar da shi ta ajiye zanen yatsu da hoton fuska da na ƙwayar idon kowane mai kati, ta ɗaure su ga lamba guda wadda ta fara da GHA, kuma lambar ba ta canzawa. Ita ce ta zama lambar haraji tun watan Afrilun 2021, da ita kuma aka sake rajistar layukan waya daga Oktoban wannan shekarar.

Akwai wani dalilin da ya zo daga waje. Ƙungiyar FATF mai sa ido kan halasta kuɗin haram a duniya ta sanya Ghana cikin jerin ƙasashen da ake tsananta wa bincike a 2018, ta kuma cire ta a Yunin 2021 bayan gyare-gyaren da aka yi, ciki har da dokar yaƙi da halasta kuɗin haram ta 2020 mai lamba 1044. Ƙasar da ke cikin wannan jeri bankunanta suna shan wahalar hulɗa da na ƙetare, kuma ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin kaya a Dubai ko Guangzhou yana cikin na farko da za su ji a jikinsu. Baƙon da ke zaune a Ghana, kamar ɗan Nijar ko ɗan Najeriya mai sana'a a nan, akwai nau'in katin da aka tanadar wa waɗanda ba 'yan ƙasa ba.

Idan na ɗora yatsa a na'ura, ko aka ɗauki hoton fuskata, me ake yi da su?

Na'urar ba ta kallon yatsa yadda ido ke kallonsa. Tana neman wuraren da layukan fatar suka ƙare ko suka rabu biyu, ta mayar da matsayinsu lissafi, sannan a gwada wannan lissafin da wanda NIA ta ɗauka ranar rajista a ƙarƙashin lambar katin. Haka ake yi wa fuska, sai dai a nan siffar fuskar ce ake mayarwa jerin lambobi. Ba a neman dacewa ɗari bisa ɗari, domin ko yatsa ɗaya aka ɗora sau biyu a jere ba zai ba da hoto iri ɗaya sak ba. Abin da ake nema shi ne kamannin ya haura wani ma'auni da aka tsayar. Idan aka sassauta ma'aunin wani zai iya wucewa da sunan wani, idan kuma aka tsananta shi za a riƙa mayar da mai gaskiya gida. Yawancin ƙorafin da ake ji a layin banki na cewa na'ura ta ƙi mutum daga nan ya samo asali.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne dattawa, da magina, da masu wanki, da makanikan Suame Magazine waɗanda ƙarfe da man inji suka cinye musu fatar yatsu. A lokacin hunturu ma fata kan bushe har na'ura ta kasa karantawa. Wanda haka ta same shi ya nemi a gwada sauran yatsunsa, domin ba guda ɗaya aka ɗauka ranar rajista ba, in duk sun ƙi sai ya nemi a tantance shi ta fuska.

Manhajar da ke ce wa mutum ya ƙifta ido ko ya juya kansa tana tabbatarwa ne cewa mai rai ne a gaban kyamara, ba hotonsa aka ɗora ba. Hijabi ba ya hana komai matuƙar fuska a buɗe take daga goshi zuwa haɓa. Mai niƙabi kuwa sai ta ɗaga, kuma tana iya roƙon a haɗa ta da ma'aikaciya mace, ko ta yi tantancewar a ɗakinta idan bankinta na yi ta manhaja.

A Ghana Card an rubuta Mohammed, a banki Muhammad, a fasfo kuma an sa sunan kakana a ƙarshe. Shin wannan matsala ce?

Matsala ce, kuma ta fi damun mutanen zango fiye da yadda masu tsara manhajojin suka zata. Suna ɗaya kan fito Mohammed da Muhammed da Mahama, Abubakar ya koma Abubakari ko Bukari, A'isha ta zama Ayishetu, ga kuma wanda makaranta ta ba shi sunan mahaifinsa, asibiti ta ba shi na kakansa. Kwamfutar da ke gwada sunaye tana iya yafe bambancin harafi ɗaya ko biyu, amma idan tsarin sunayen ya juya, ko ranar haihuwa ta saɓa, sai ta tsayar da aikin har ma'aikaci ya duba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki abin da ke kan Ghana Card a matsayin asali, a je banki a cika takardar sabunta bayanai domin asusu ya bi katin. Idan kuskuren a jikin Ghana Card ɗin yake, ofishin NIA ne ke gyarawa bisa takardun shaida, banki ba shi da iko a kai. Mai shirin tafiya Hajji ko fatauci ya yi wannan gyara tun da sauran lokaci, domin ranar da aka fi buƙatar kati ba ita ce ranar da ta dace a fara bin ofisoshi ba.

Mene ne bambancin e-zwich da gh-link da katin Visa?

Kamfanin GhIPSS, wanda Babban Bankin Ghana ya kafa a 2007 kuma yake mallakarsa, shi ne ya fito da e-zwich a 2008. Katin yana tantance mai shi da zanen yatsa maimakon lambar sirri, kuma an yi shi ne yadda zai yi aiki ko da babu intanet a wurin, abin da ya sa aka yi amfani da shi wajen biyan alawus na masu yi wa ƙasa hidima da tallafin LEAP na marasa ƙarfi. Shi ma gh-link na GhIPSS ne, amma da lambar sirri yake aiki, kuma cikin gida kawai: cinikin da aka yi da shi ba ya fita Ghana kafin a amince da shi. Visa da Mastercard kamfanonin Amurka ne, su ne ake buƙata don tafiya waje da sayayya a shafukan ƙetare.

Ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya da ke jikin kati, me ya fi baƙin layin da ke bayansa?

Baƙin layin maganaɗisu yana ɗauke da bayanai tsayayyu waɗanda ba sa canzawa, don haka duk wanda ya maƙala ƙaramar na'urar kwafi a bakin ATM, ko ya goga katin a ɓoye a bayan kanta, zai iya ƙera wani katin da zai yi aiki kamar na asali. Ɗan ƙarfen, wanda ake kira cif, ƙaramar kwamfuta ce mai makullin sirri a cikinta da ba ya fitowa waje. Duk lokacin da aka sa katin a na'urar POS, cif ɗin yana haɗa adadin kuɗin da ranar da wata lamba da na'urar ta jefo masa da ƙidayar cinikin da ya taɓa yi, ya sarrafa su da makullin, ya fitar da hatimi na wannan cinikin kaɗai. Banki yana da hanyar tabbatar da hatimin, kuma ko ɓarawo ya kwafe shi ba zai amfane shi a ciniki na gaba ba. Ana kiran wannan tsari EMV, daga sunayen Europay da Mastercard da Visa da suka soma shi a shekarun 1990, kuma tun 1999 kamfanin EMVCo ke kula da ƙa'idojinsa. Mastercard ta sanar a 2021 cewa za ta janye baƙin layin sannu a hankali, ta yadda zuwa 2033 katunanta na yau da kullum ba za su ƙara ɗaukarsa ba.

Katin da ake ɗorawa a kan na'ura ba tare da an cusa shi ba, cif ɗin ne dai ke aiki ta siginar gajeren zango, da hatimi irin wancan. Bankuna kan bar ƙananan kuɗi su wuce ba tare da lambar sirri ba, amma akwai iyaka, kuma wanda hankalinsa bai kwanta da haka ba ya tambayi bankinsa ko za a iya kashe masa.

Waɗanne lambobin kati ne sirri?

Dukansu ya kamata a rufe, amma darajarsu ba ɗaya ba ce. Doguwar lambar, wadda yawanci guda 16 ce, farkonta yana nuna kamfani da bankin da ya ba da katin: na Visa da 4 yake farawa, na Mastercard da 5 ko 2. Lambar ƙarshe ta gwaji ce, ana samo ta daga sauran ta wani lissafi da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya ƙirƙiro, shi ya sa shafin sayayya ke gane kuskuren bugawa nan take tun bai tuntuɓi banki ba. Lambobi uku na baya su ne shaidar cewa katin yana hannun mai saye a cinikin da ba a ga kati ba, kuma ƙa'idojin tsaron bayanan kati na PCI DSS sun haramta wa ɗan kasuwa ajiye su bayan an amince da ciniki. Wanda ya tura hoton gaba da bayan katinsa ta WhatsApp, ko da ga wakilin tafiye-tafiyen da ya amince da shi ne, ya ba da duk abin da wasu shafukan ke buƙata.

Me ya sa wani lokaci ake turo mini OTP, wato lambar wucin gadi da banki ke aikowa waya, idan ina sayayya ta intanet, wani lokaci kuma kuɗin ya fita ba a tambaye ni komai ba?

A intanet babu cif da za a karanta, babu kuma lambar sirri da za a danna, don haka aka samar da tsarin 3-D Secure, wanda Visa ta fara da sunan Verified by Visa a 2001, yanzu kuma ake kira Visa Secure, Mastercard kuma take kiran nata Identity Check. A tsarin farko kusan kowane ciniki sai an tsayar da mai saye an tambaye shi kalmar sirri. Sabon tsarin da EMVCo ta fitar a 2016 ya sauya wannan: shafin da ake sayayyar yana aika wa banki bayanai masu yawa a ɓoye, irin su nau'in wayar da ake amfani da ita, da adireshinta na intanet, da inda za a kai kayan, da tsawon lokacin da mai sayen ya yi yana hulɗa da shafin. Idan banki ya ga komai ya yi daidai da abin da ya saba gani, sai ya bar cinikin ya wuce shiru; idan ya ga baƙon abu, sai ya turo lambar wucin gadi ko ya nemi a amince a cikin manhaja.

Sai dai ba kowane shafi ne ke amfani da tsarin ba. Wasu manyan kamfanonin ƙetare sun zaɓi su ɗauki asarar zamba a wuyansu maimakon su riƙa tsayar da abokan cinikinsu, haka kuma biyan da ke maimaita kansa duk wata, kamar kuɗin wata manhaja, ba a neman OTP bayan na farko. Saboda haka kuskure ne mutum ya ɗauka cewa tunda wayarsa na aljihunsa babu mai iya taɓa katinsa. A ganin mai wannan rubutu, mafi amfanin abin da ke cikin manhajojin banki shi ne maɓallin rufe sayayyar intanet da ta ƙetare, inda bankin ya tanada, a buɗe shi lokacin buƙata kawai.

Shafin da na ajiye katina a ciki yana riƙe da lambata ke nan?

Sau da yawa ba ainihin lambar yake riƙe da ita ba. Akwai tsarin lambar madadi, wanda EMVCo ta fitar da ƙa'idarsa a 2014, inda ake ba shafin wata lamba dabam da ba ta aiki sai a wurinsa, ta yadda ko an fasa rumbunsa abin da aka sata ba zai yi amfani a wani wuri ba. Ba dukan shafuka ne suka koma kansa ba, kuma mai saye ba ya iya ganewa da ido.

Layin wayata ya ɗauke ba gaira ba dalili. Me ya haɗa wannan da katin banki?

Alaƙar babba ce, kuma nan ne mafi raunin dukan tsarin. OTP da saƙon shiga da fitar kuɗi da sake saita kalmar sirrin manhaja duk ta lambar waya suke bi, ballantana wanda ya haɗa asusunsa da MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Idan ɗan damfara ya yi dabarar da aka ba shi sabon sim mai lambar wani, tsohon sim ɗin zai mutu nan take, duk saƙonnin banki su koma hannunsa. Wanda ya ga wayarsa ta rasa sabis alhali na kusa da shi masu layi iri ɗaya suna da shi, kada ya jira gobe. Ya ari waya ya kira bankinsa a dakatar da kati da manhaja, sannan ya tafi ofishin kamfanin layin da Ghana Card ɗinsa.

Abin da ya fi wannan yawa shi ne kiran waya daga wanda ya ce daga banki yake, zai taimaka a haɗa asusu da Ghana Card kafin a rufe shi, sai a karanto masa lambar da ta shigo. Wasunsu suna jin Hausa da Twi sarai, suna kuma iya kiran mutum da cikakken sunansa har da Alhaji ko Hajiya a gaba. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da ke buƙatar OTP ko lambar sirri, domin an yi su ne don na'ura, ba don kunnen mutum ba. Haka nan wanda har yanzu yake amfani da layin da aka yi rajistarsa da katin ɗan'uwansa ya gyara, domin ranar da layin ya ɓace ba shi za a ba sabo ba.

Ni ba na iya zuwa ATM, yaron shagona nake ba kati da lambar sirri. Akwai laifi?

Hajiya, wannan al'ada ce da ta yaɗu a kasuwa, kuma uzurinta a fili yake, amma ya kamata ki san matsayinki a wurin banki. Duk cinikin da aka yi da cif da lambar sirri daidai, banki yana ɗaukarsa naki ne, kuma yarjejeniyar da kika sa wa hannu ta hana ba wani lambar. Idan kuɗi ya ɓata ta wannan hanya, da wuya a biya ki. Akwai kuma illa ta biyu da ba a cika lura da ita ba, wato katin da mutum uku ke yawo da shi a wurare da lokuta dabam-dabam yana rikita na'urar da ke koyon ɗabi'ar mai shi, ta yadda ranar da ɓarawo na gaske ya ɗauka ba za ta ga wani baƙon abu ba. Abin da ya fi shi ne a buɗe asusun shago dabam, ko a karɓi katin da ake loda wa kuɗi, a riƙa zuba masa abin da aikin ranar ke buƙata, babban asusun kuma ya zauna a hannunki ke kaɗai.

Banki yana ganin abin da na saya?

A yawancin lokuta ba ya ganin kayan, amma yana ganin inda aka saya. Saƙon da ke tafiya daga na'urar POS zuwa banki, bisa ƙa'idar ISO 8583, yana ɗauke da lambar kati da adadin kuɗi da nau'in kuɗin da rana da lokaci da sunan ɗan kasuwa da garinsa da lambar na'urarsa, da yadda aka karanta katin. Idan mutum ya biya sidi 600 a babban kanti a Kumasi City Mall, bankinsa bai san ko shinkafa ce ko sabulu ba. Kantin ne ya sani, daga rasit ɗinsa.

Abin da ke ba nazarin ƙarfi shi ne lambar rukunin sana'a, mai lambobi huɗu, wadda ake ba kowane ɗan kasuwa lokacin da ya karɓi na'ura. Manyan kantunan abinci 5411 ne, gidajen mai 5541, gidajen cin abinci 5812, kantin magani 5912, otal 7011, cire kuɗi a ATM 6011, mashaya 5813, caca kuma 7995. Idan aka jera waɗannan na wata shida, ana iya fahimtar ranar da albashi ke shiga, da unguwar da mutum ke yawan zirga-zirga, da ko yana da mota, da ko jinya ta shigo gidansa, da ko ya faɗa cacar ƙwallo. Wannan ya fi sanin abin da ke cikin leda ɗaya nauyi nesa ba kusa ba. Duk da haka hoton bai cika ba a gari irin Kumasi, inda mafi yawan cinikin Kejetia tsabar kuɗi ne ko MoMo. Mutumin da duk abin da yake yi da kati shi ne cire kuɗi a ATM, banki bai san komai game da cefanensa ba sai adadi da wuri da lokaci.

Manhajar bankina ta sa kuɗin abincin da na ci a rukunin masauki. Me ya sa?

Lambar ɗan kasuwa take bi, ba abin da aka saya ba. Gidan abincin da ke cikin otal yana iya amfani da na'urar otal ɗin, shagon da ke cikin gidan mai ya fito a matsayin mai, kuma ƙananan 'yan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta hannun kamfanin biyan kuɗi sau da yawa sunan kamfanin ne ke bayyana a madadin nasu. Jadawalin yana da amfani wajen ganin inda kuɗin wata ya tafi, amma bai kai a yi lissafin shago ko na zakka da shi ba sai an duba shi layi bayan layi.

Ina da kuɗi a asusu, amma aka ƙi katina a Makka. Wa ya yanke wannan hukunci?

Mai yiwuwa ba mutum ba ne. Kowane ciniki, kafin amsa ta dawo, yana bi ta na'urar da ke ba shi maki gwargwadon yiwuwar zamba. Visa ta fara amfani da kwamfuta mai koyo daga misalai don wannan aiki tun 1993, kuma ta ce tsarinta na yanzu yana auna alamomi kusan 500 cikin kimanin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ya ba da maki daga 1 zuwa 99. Bankin da ya ba da katin ne ke da maganar ƙarshe, yana haɗa makin da nasa ƙa'idojin. Aikin ya yi kama da na mai shagon unguwa da ya san cewa wani gida mudu biyu na shinkafa suke aikowa a saya duk mako. Ranar da baƙon yaro ya zo da sunan gidan yana neman buhu biyar bashi, zai ce a bari ya ji daga bakin maigidan tukuna.

Alamomin da ke ɗaga maki sun haɗa da amfani da kati a wurare biyu da ba za a iya tafiya tsakaninsu cikin lokacin ba, da ƙananan cire-cire a jere waɗanda ɓarayi ke gwada kati da su, da babban ciniki a rukunin da mutum bai taɓa shiga ba, da na'urar ɗan kasuwar da aka sha kawo ƙara a kanta. Katin da bai taɓa wuce Adum da Asafo ba, ranar da ya bayyana a shagon zinariya a Saudiyya, dole a yi shakkarsa. Maganin shi ne a sanar da banki ƙasashe da ranakun tafiya kafin a tashi, a tabbatar an buɗe amfani da katin a ƙetare, a tambayi iyakar kuɗin waje da aka sa masa, kuma a tafi da layin Ghana a buɗe domin saƙon banki ya iso. Wani lokaci ma ba zargin zamba ba ne, iyakar rana ce aka cika. Idan na'ura a waje ta tambaya ko a caje ka da sidi ko da kuɗin ƙasar, kuɗin ƙasar yawanci ya fi sauƙi, domin canjin da mai na'urar ke bayarwa kan zo da ƙari.

Ana amfani da wannan bayani wajen ba da rance?

Ana yi. Banki kan duba yadda kuɗi ke shiga da fita a asusu kafin ya yanke shawara, kuma ƙananan rancen da ake bayarwa ta waya kusan gaba ɗaya a kan tarihin hada-hadar mutum suka dogara, ba a kan jingina ba. Wannan dabam yake da rahoton bashi, wanda dokar 2007 mai lamba 726 ta tsara, inda masu ba da rance ke kai bayanan masu bashi ga kamfanoni masu lasisi irin su XDS Data Ghana. Ko wanda ke guje wa rance saboda riba yana da dalilin neman rahotonsa lokaci zuwa lokaci, domin ta nan ne zai gane idan wani ya ci bashi da sunansa.

Wace doka ce ta kare bayanaina, kuma wa banki zai iya nuna wa?

Dokar kare bayanan jama'a ta 2012 mai lamba 843, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai, ta ba mutum haƙƙin sanin abin da aka ajiye game da shi, da neman a gyara kuskure, da hana a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya ba da yardarsa ba. Kamfanonin fasahar kuɗi kuma suna ƙarƙashin dokar tsarin biyan kuɗi ta 2019 mai lamba 987, wadda ta wajabta musu lasisin Babban Banki. Amma sirrin yana da iyaka. Doka ta tilasta wa banki ya ajiye bayanan hulɗa aƙalla shekara biyar, ya kai rahoton duk hada-hadar da yake zargi ga cibiyar tattara bayanan sirri kan kuɗi, FIC, kuma an hana shi sanar da mai asusun cewa ya kai. Shi ya sa mai karɓar adashi ko ma'ajin ƙungiyar masallaci da ke tara kuɗin mutane a asusunsa na kansa zai iya samun kira ana tambayarsa tushen kuɗin. Tambayar ba tuhuma ba ce, kuma buɗe asusu da sunan ƙungiyar yana rage ta ƙwarai.

An cire mini kuɗin da ban sani ba. Me zan fara yi?

A fara da rufe katin, ta manhaja ko ta lambar da ke bayansa, ba ta lambar da ta zo cikin saƙon da ake shakka ba. Daga nan a je reshe a rubuta ƙorafi, a ambaci rana da adadi da sunan ɗan kasuwar kamar yadda ya fito a saƙon, a karɓi lambar shaidar ƙorafin. Visa da Mastercard suna da tsarin da banki ke bi ya nemi a dawo da kuɗi daga bankin ɗan kasuwar, amma yana da wa'adi, kuma sakamakonsa ya danganta da yadda aka tantance cinikin: wanda aka yi ta intanet ba tare da 3-D Secure ba yana da kyakkyawar damar dawowa, wanda kuma aka shigar masa da OTP ko lambar sirri daidai yana da wuya. Idan zamba ce ta waya ko ta intanet, ana kai rahoto ga Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana ta lamba 292, da kuma 'yan sanda. Idan banki ya ƙi amsawa, ko amsarsa ba ta gamsar ba, mataki na gaba shi ne kai ƙara ga Babban Bankin Ghana, wanda yake da ofishi a nan Kumasi, tare da kwafin ƙorafin farko da amsar da aka bayar da takardar bayanin asusu ta watan da abin ya faru.